Ba Injin Ba Ne, Salisu

Unguwar Rogo,
Jos.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, ka kuma fara sabawa da zafin Zariya, kai da ka tashi cikin sanyin Jos. Allah ya tsare min kai a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya sa duk tashin da za ka yi ka sauko da ƙafafunka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙanwarka Hadiza ma haka.

Ba zan ba ka labarin gida ba. Ranar da muka raka ka tasha ka ga na yi shiru, ka ɗauka ƙafar nan ce take min ciwo. Magana ce ta tsaya min a wuya tun ranar da takardar makarantar koyon tuƙin jirgi ta iso, na kasa faɗinta ina kallon fuskarka. Shekara guda na yi ina lallashinka ka shiga jami'ar nan ta Titin Bauchi, ga ta kusa, da ƙafa za ka je ka dawo ka ci tuwon uwarka. Sai ka ce min, "Baba, inda inji ya tsayar da kai, daga nan ni zan ɗora." Tunda na kasa hana ka, abin da ya rage shi ne in jera maka kurakuraina, ko Allah zai sa ka tsallake wasu. Ban cika sa rai ba, don ni ma an yi min faɗa, na ji da kunnena, bai hana ni komai ba. Amma ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka san ni makaniki ne a asali. A garejin wani kamfanin kuza na yi shekaru ina kwance injunan famfo, kafin a mai da ni filin jirgi in riƙa kula da ƙaramin jirgin kamfanin, mai inji ɗaya da kujera huɗu. Mu biyu ne a kansa, ni da Dung, wani Birom mai sanyin hali wanda ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba. Matuƙin wani tsohon Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa sai zai hau jirgi. Shi ya ga ina son abin, ya fara ɗaukata, yana sakar min sitiyari a sama, har ya tsaya min na ci jarrabawa na sami lasin. Ranar da na kawo takardar gida, zauren nan ya cika da masu zuwa ganin Bahaushen da ke tuƙa jirgi. Ina jin tun ranar kaina ya fara kumbura.

Kuskurena na farko ƙarami ne. A ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan famfo da ake tsiyayo mai cikin kofin gilashi kafin a tashi, don a ga ko ruwa ya shiga tanki. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi inji zai fara sha. Wata safiya da damina, ƙarƙashin jirgin duk taɓo, ni kuma na sa sabon farin wando. Na zagaya jirgin, na taɓa nan na taɓa can, ban durƙusa ba. Mai Lofe ya zo ya ce, "Ka duba mai?" Na ce, "Na duba, ranka ya daɗe." Ya dubi gwiwoyina ya ga fes suke. Ya karɓi kofin, ya durƙusa cikin taɓon nan da tsufansa ya tsiyayo. Kusan rabin kofin ruwa ne. Ya miƙo min ya ce, "Riƙe. Da injin ya kai mu daidai kan bishiyoyin can, sannan ya mutu." Wata guda bai bar ni na hau ba.

Saboda haka ka durƙusa, Salisu. Ko wa ya ce maka ya duba, ka sake dubawa da idonka. Ka hau ka buɗe murfin tanki ka tsoma sanda, kada ka dogara da agogon mai shi kaɗai, yana ƙarya. Za su ba ka takarda mai jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi. Ka bi ta layi-layi da yatsanka a kai, ko da ka haddace ta, don ranar da ka ce ka haddace ranar za ka tsallake layi. Idan wani ya katse ka da magana kana tsakiya, ka koma farko. Abin kunyar shi ne ni darasin da na ɗauka a ranar daban ne. Na koyi cewa idan zan yi ƙarya, in fara ɓata gwiwar wandona.

Na biyu, kunya. Mu an raine mu a kan cewa babba ba ya faɗar magana sau biyu. Mai Lofe ya yi min bayanin yadda ake sauka idan iska tana bugowa daga gefe: ka karkata fiffike wajen iskar, ka taka da ɗaya ƙafar don hancin jirgi ya miƙe da titi. Ya ce, "Ka gane?" Na ce na gane. Wallahi ban gane ba, na ji nauyin in sa shi ya maimaita ne. Bayan sati biyu ina ni kaɗai iskar ta same ni. Tun daga sama na ga jirgin yana zamewa gefe, na san saukar ba ta yi ba, amma na hango mutane a inuwar rumfa suna kallo, na ce ba zan sake zagayawa su ce na kasa ba. Na dangwarar da shi, ya bar titi ya shiga ciyawa, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Dung ya yi kwana goma yana gyara, bai taɓa goranta min ba.

Idan ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko sau goma ne, ko 'yan ajinku za su yi dariya. Malamin da ya ji haushin tambaya gara ya ji haushi da ya zo jana'iza. Kuma duk saukar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ka ba inji wuta ka tashi ka sake zagayowa. Masu kallo daga rumfa babu wanda zai karye tare da kai.

Na uku ya faru bayan Mai Lofe ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, jirgin ya dawo hannuna. Na kai wasu takardu Bauchi a tsakiyar damina. Da na juyo da hantsi da babu komai, amma na tsaya cin abinci gidan wani aboki, hira ta yi daɗi, sai bayan azahar na taso. Kai ɗan Jos ne, ka san yadda hadari yake haɗuwa da rana tsaka. Daga Bauchi ƙasa hawa take yi, gajimare kuma yana saukowa, ni ina tsakiya wurin yana ta matsewa. Na ga ƙofar tana rufewa, ina da mai da zai mai da ni Bauchi har da saura, amma na ce ai na san hanyar. Wajen duwatsun Shere na shige ciki. Fari fat, ko ƙarshen fiffike ba na gani.

Abin da zan gaya maka yanzu ba za ka yarda ba sai ya same ka. A cikin gajimare jikinka ƙarya yake maka. Ni ina jin jirgin a miƙe yake sak, agogon da ke nuna karkata yana cewa na kwanta hagu. Na ce agogon ne ya lalace. Sai na ji kukan iska yana ƙaruwa, allurar tsawo tana sauka. Da na faɗo ta ƙasan gajimaren, a karkace na fito, dutse a gabana, ga wata mata a gonar acca ta ɗago kai, har launin zanenta na gani. Ban san yadda na miƙe shi ba. Na sauka Jos rigata sharkaf, na buɗe littafin da muke rubuta kowace tafiya, na rubuta lafiya lau. Ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu ma har na fara jin ai gwanintata ce ta fid da ni.

Da damina ka tashi da sassafe ka gama da wuri. Idan ka ga gajimare yana saukowa ƙasa tana hawa, ka juya tun kana ganin inda ka fito. Kada ka shiga sai an koya maka tuƙi da agoguna an ba ka izini. Idan kuwa tsautsayi ya sa ka shiga, ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogo, ka juyo a hankali. Hadarin Filato mai ƙanƙara kuma ko gefensa kada ka raɓa. Sannan duk ranar da ka tsira da ƙyar, ka sami malaminka ka gaya masa tiryan-tiryan. Tsirar da aka ɓoye ita take zama girman kai.

Akwai kuma azumi. Na taɓa dawowa daga Yola da la'asar, bakina a bushe, kaina yana juyawa, na karanta agogo ɗaya sau uku ban fahimci abin da yake cewa ba. An yi wa matafiyi rangwame, ni na ƙi karɓa don kada a ce aikin Turawa ya cinye min addini. Ka tambayi malamai a kan wannan, kada ka yanke wa kanka hukunci. Amma kada ka ɗauki rayukan mutane sama kana jiri, ko na yunwa ne, ko na zazzaɓi, ko na ɓacin rai.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kana ɗan shekara tara kawunka Iro ya rasu. Ka tuna shi, ƙanin mahaifiyarka, ƙato mai dariya, wanda yake ɗora ka a wuya ya kai ka kallon ƙwallo. Ita ta raine shi bayan iyayensu sun rasu. Abin da ka sani, abin da unguwa ta sani, shi ne injin jirgina ya rage ƙarfi muna tashi, muka faɗo, ya rasu, ni na karye. Salisu, injin nan lafiyarsa ƙalau.

Ranar Alhamis ce, gab da faɗuwar ruwan farko, lokacin da ko Jos take yin zafi. Washegari za a yi sunan Hadiza. Na kai manajan kamfanin, wani matashin Bature mai gaggawa, wani sansanin haƙar kuza can kudu da Barikin Ladi, inda Iro yake aikin akawu. Titin jirgin wurin gajere ne, na jar ƙasa, da layin bishiyoyin turare a ƙarshensa. Da za mu juyo, wajen ƙarfe biyu, manajan ya sa aka ɗauko wani injin famfo da ya ƙone a kai Jos gyara. Mutum huɗu suka ɗaga shi. Tankunana kusan a cike suke. Na yi lissafi a bayan taswira, na ga da ni da shi da ƙarfen nan mun kai iyakar abin da jirgin zai ɗauka a irin wannan zafi.

Za su koya maka wannan a aji, amma ka ji shi daga bakina. Mu nan a kan tudu muke, iskarmu ba ta da kauri, zafi kuma yana ƙara tsinka ta. Inji ba ya samun abin shaƙa sosai, fikafikai ba sa samun abin dafawa. Abin da jirgi zai yi maka a Zariya da asuba, ba zai yi maka shi a Filato da rana tsaka ba.

Ina cikin naɗe taswirar sai ga Iro da ƙunshin zannuwa a hammata. Motar kamfani sai Asabar za ta fita. Ya ce, "Yaya, ko a kan fiffike ne ka ɗaure ni. Gobe da ni za a raɗa sunan nan."

Na ce, "Iro, kaya sun yi yawa."

Ya yi dariya ya ce, "To ka je ka gaya wa Yaya Hajara ka bar ƙaninta a daji ka ɗauko ƙarfe. In ga inda za ka ci tuwo."

Na juya wajen manajan na ce ko za a bar injin famfon, ko mu jira sanyin safiya. Ya dubi agogonsa ya ce ƙarfe huɗu yana da taro a Jos, kuma Mai Lofe ya sha ɗaukar abin da ya fi haka. Leburori sun taru a bakin titi suna kallo. Hanyoyi huɗu ne a gabana: in bar ƙarfen, in bar Iro, in rage mai, ko in kwana. Duk na san su. Na ce wa Iro ya shiga baya, kusa da injin famfon, wanda aka ɗaure da igiyar rama.

Mai Lofe ya koya min in riƙa zaɓar alama a tsakiyar titi kafin in fara gudu. Idan na kai wurin allurar gudu ba ta kai inda ya kamata ba, in janye wuta in taka birki, babu shawara. Ranar akwai wani suri a gefen titi, shi na zaɓa. Muka fara gudu, jirgin yana jan jiki kamar akori-kura a hawan dutse. Muka zo surin, allurar ba ta kai ba. Hannuna yana kan wutar. Na tuna leburorin nan, na tuna fuskar manajan, na ce bari in ƙara masa kaɗan. Tunanin bai fi ƙiftawar ido uku ba, kafin in gama shi wurin tsayawa ya wuce.

A ƙarshen titi ya ɗaga da ƙyar, ya ƙi hawa. Bishiyoyin suna tahowa. Na ja hancinsa sama, ƙahon gargaɗi ya fara kuka, alamar fikafikai sun kusa daina ɗaukarmu. Na hango wata kafa tsakanin bishiyoyi ta dama, na karkata can. Fiffiken dama ya faɗi kamar an sare shi. Har muka bugi tulin ƙasar da aka haƙo, injin yana ruri da dukkan ƙarfinsa. Ina jin wannan ƙarar har yau, ƙarar lafiyayyen inji.

Igiyar ta tsinke. Ƙarfen ya danne Iro. Kafin leburori su fito da shi ya cika. Manajan hannu kawai ya karye. Tabarmin da aka aro don suna, a kansu aka zauna karɓar gaisuwa.

Ka ji abin da ya kamata ka ɗauka daga nan. Nauyi lissafi ne, ba ya jin roƙo, ba ya sanin suruki. Ka auna komai, ka rubuta, idan ya wuce ya wuce. Ka ɗaure kaya da abin da aka yi don ɗaure su. Ka zaɓi alamarka, kuma ka yanke hukunci tun kana tsaye, don a guje ba a tunani. Idan bishiya tana gabanka gudu ya ƙare, jan hanci sama ba ya ƙara maka komai, karkata kuma yana ƙwace ɗan abin da ya rage. Gara ka shiga rassan a miƙe jirgin yana hannunka, da ka faɗo ta gefe. Haka idan inji ya mutu maka da gaske kana tashi, ka sauke hanci, ka nemi wuri a gabanka, kada ka ce za ka juyo fili. Sannan ka koyi cewa a'a. Za ka ɗauki manya, masu kaki da masu manyan riguna, kowa da taron da yake sauri ya riska. Za ka ɗauki 'yan'uwa, su ne ma suka fi wuya. Mutumin da ka bari a ƙasa yana fushi, gobe za ku gaisa.

Da a nan abin ya tsaya da na ce ƙaddara ce ta haɗu da wauta. Ina asibiti ƙafata a rataye, manajan ya zo da hannunsa a ɗaure. Ya ja kujera ya ce a hankali, "Inji ya rage ƙarfi, ko ba haka ba? Ni na ji shi." Na gane nufinsa. An riga an janye injin famfon daga wurin kafin masu bincike su iso. Da suka zo suka tambaye ni, mahaifiyarka tana zaune a bakin ƙofa da jaririya a cinya, idanunta sun kumbura. Na ce inji ya rage ƙarfi.

Dung ne ya sa hannu a takardar injin. Aka kore shi, aka karɓe takardarsa ta aikin jirgi. Kafin ya bar wurin ya zo duba ni da ayaba a hannu. Ya tsaya a gefen gado ya ce, "Isiyaku, injin nan na san shi kamar yarona. Ka gaya min tsakani da Allah, ya yi tari?" Na juya fuskata bango na ce, "Ya yi." Ya ce, "To." Ya ajiye ayabar ya fita.

Shekara goma ke nan. Likita ya ce ƙafar ba za ta sake taka jirgi ba, na dawo gida mutane suna yi min jaje, ana nuna ni ana cewa gwani ne, inji ya ci amanarsa. Kai ma da wannan labari ka girma, a kansa ka gina burinka. Duk lokacin da na ga kana zana jirgi a bayan littafin makaranta sai in kawar da kai. Ƙaryata ce ta raka ka Zariya.

Washegarin tafiyarka na shiga bas na je Tudun Wada, unguwar da na yi shekara goma ina kauce wa. Dung yana gyaran injunan niƙa a wata rumfar kwano. Kansa ya yi fari. Ya ce, "Sannu da zuwa, oga," ya share min benci. Na gaya masa komai, yana ta goge hannu da tsumma.

Da na gama ya ce, "Na sani. Na je wurin na ga farfela. Yadda ya lanƙwashe, inji yana aiki sosai lokacin da ya bugi ƙasa. Na gaya musu, suka ce kai ne a ciki, ba ni ba."

Na ce, "Me ya hana ka zuwa gidana ka tona ni?"

Ya ce, "Na zo har ƙofa sau ɗaya. Na ji matarka yana kuka, na koma." Sannan ya ce, "Da a shekarar ka zo, da ya yi amfani. Yarana biyu da sun gama makaranta. Yanzu ban san abin da zan yi da wannan magana ba."

Na roƙe shi ya yafe min. Ya ce zai yi addu'a a kai ranar Lahadi, bai ce ya yafe ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Da na tashi tafiya ya ce ya ji yarona ya tafi koyon jirgi. Ya ce in gaya maka ka riƙa sauraron makanikinka, kuma duk abin da ka ji a inji ka rubuta shi yadda ka ji, kada ka ƙara kada ka rage. Ga shi na isar.

Ni ma abin da zan ɗora a kai ke nan. Za ka yi kuskure, babu matuƙin da ba ya yi. Idan ka yi, ka faɗa a ranar, kafin ya kwana. Wanda ya kwana ɗaya zai kwana shekara goma, kuma wani ne zai ɗauki nauyinsa.

Saura mahaifiyarka. Duk Juma'a tana soya waina ta raba sadaka don Iro, ta kuma yi min addu'a a matsayin wanda Allah ya bar mata. Na sha jin ta tana cewa Allah ya isa tsakaninta da makanikin da ya kashe mata ƙani, ina zaune ina cin abincinta ban ce uffan ba. Idan na jefa wannan takarda a gidan waya, zan dawo in yi la'asar, in kira ta ɗaki in gaya mata. Na sa kaina a tsakiya ne da gangan, don na san halina: idan takardar ta tafi, ba ni da sauran wurin ɓuya. Ban san abin da za ta yi ba. Idan ka zo hutu ka tarar ba ta gidan nan, ka neme ta wurin danginta, kada ka ga laifinta, kada kuma ka roƙe ta saboda ni. Ka kula da Hadiza, ita ba ta san komai ba sai cewa ranar sunanta ba a yi kiɗa ba.

Ba na ce ka bar karatun ba, na san ba za ka bari ba. Idan ka ga ba za ka iya ba ni amsa ba, na fahimta, ba zan yi fushi ba. Amma ka riƙa rubuta wa uwarka duk sati, ko layi biyu ne, ta san kana ƙasa lafiya.

Ka riƙe sallarka, ka karanta addu'ar hawa abin hawa kafin ka tayar da inji, bayan ka gama duba abin da aka ce ka duba. Allah ya ba ka malamai masu haƙuri, ya ba ka ido mai gani da bakin da zai iya ƙin abin da bai dace ba. Allah ya tsare ka daga hadari da haɗari, ya tsare waɗanda za su zauna a bayanka, kada ya jarrabe ka da abin da ya jarrabe ni. Allah ya jiƙan Iro, ya saka wa Dung. Ni kuma ka sa ni a addu'a idan zuciyarka ta yarda.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku